Gilashin gaban mota: falle uku, gam da kyamara

Cikin dukan sassan mota babu wanda direba ke fuskanta tsawon lokaci kamar gilashin gaba, kuma babu wanda ya fi shi samun rashin kula, domin an yi shi ne don a hangi hanya ta cikinsa a manta da shi. Mai mota zai iya gaya maka lokacin da ya yi juyen mai da irin tayoyin da ya saya, amma da wuya ya san falle nawa ne gilashin da ke gabansa, ko mene ne yake riƙe da shi a jikin bodi. A ganina wannan rashin sanin ne ke jefa mutane cikin kuskure iri biyu. Wasu sukan bar ɗan tabon da tsakuwa ta yi har ya zama tsaga daga wannan gefe zuwa wancan, wasu kuma sukan canza gilashin gaba ɗaya a hannun duk wanda ya fi arha, su duba su ga yana ƙyalli, su ce aiki ya yi kyau, alhali duk abin da ke nuna ingancin aikin yana ɓoye a inda ido ba ya kaiwa.

Gilashin gaba falle uku ne a manne. Akwai gilashi na waje da na ciki, kowanne kaurinsa bai wuce milimita 2 da ɗan wani abu ba, a tsakaninsu kuma akwai wata roba mai ƙarfi da ake kira PVB, wadda kaurinta yawanci milimita 0.76 ne. Jimillar kaurin ba ta cika wuce milimita 5 ba. Idan wani abu ya doki gilashin ya fashe, gutsattsarin ba sa watsewa, suna nan manne da robar, robar kuma tana miƙewa ta shanye ƙarfin dukan, ta yadda abin da ya faɗo daga waje ba ya shiga da sauƙi, mutumin da ke ciki kuma ba ya fita ta wurin da sauƙi. Motocin farko ba su da wannan gata. Gilashin taga irin na gida ake saka musu, wanda idan ya fashe yakan zama dogayen ɓaraguzai masu kaifin wuƙa, har ya kasance a haɗarin da bai kai ya kawo ba gilashin ne ke yi wa mutum mummunan rauni.

Ana danganta dabarar manna gilashi biyu da wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Faransa, Édouard Bénédictus. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne a 1903 wata kwalba ta faɗi a ɗakin bincikensa ta tsattsage amma ba ta watse ba, saboda busasshen sinadarin da ya lulluɓe cikinta. Ya yi rajistar mallakar dabarar a 1909, sannan aka kafa kamfanin Triplex. Masu ƙera motoci ba su yi rububinta ba saboda tsada, sai a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta samu kasuwa a idanun takunkumin kariya daga iskar guba. Kamfanin Ford ya sa irin wannan gilashin a motarsa Model A da ta fito a ƙarshen 1927, dokar hanya ta Birtaniya ta 1930 kuma ta buɗe ƙofar tilasta gilashin kariya a sababbin motoci. Matsalar robar wancan zamanin ita ce rana tana mayar da ita rawaya, tana kuma ɓamɓarewa daga gilashin. PVB, wadda wasu masana biyu suka samar a Kanada a 1927, ita ce ta magance wannan, kuma tun daga ƙarshen shekarun 1930 har yau ita ce ke tsakiyar mafi yawan gilasan gaba na duniya. Yana ba ni mamaki yadda inji da birki da fitilu suka sauya kamanni sau da dama a wannan tsawon lokaci, amma wannan siririyar roba ba a samu abin da ya ture ta ba.

Shi kansa gilashin daga yashi ake yin sa, a haɗa da soda da farar ƙasa, a narkar a tanderu mai zafin da ya kai kimanin digiri 1,500. Narkakken gilashin ana kwarara shi a kan tafkin narkakkiyar kuza, ya yi iyo a sama domin kuzar ta fi shi nauyi, ya baje ya zama shimfiɗaɗɗe sumul ba tare da an goge shi ba. Alastair Pilkington ne ya jagoranci wannan dabara a Ingila, aka bayyana ta ga duniya a 1959. Daga nan sai a yanka falle biyu, a buga baƙin fenti a gefe, a ɗumama su zuwa sama da digiri 600 har su yi laushi su lanƙwashe daidai da siffar da ake so. Sai a shimfiɗa robar a tsakani cikin ɗaki mai tsafta, a matse iskar da ta maƙale, a shigar da su wata babbar tukunyar matsi mai zafin kusan digiri 140. Kafin shiga tukunyar robar fari-fari take, ba a gani ta cikinta, bayan fitowa kuwa sai ta zama garau kamar babu ita.

Gilasan ƙofa da na baya galibi wani iri ne dabam. Falle ɗaya ne da aka ɗumama aka sanyaya da iska farat ɗaya, abin da ke sa ya ninka gilashin yau da kullum ƙarfi sau huɗu zuwa biyar, amma ranar da ya fashe dukansa ne ke rugujewa ya zama ƙananan gutsattsari marasa kaifi sosai. Saboda haka ba a gyara shi, ba a yanka shi, ba a huda shi, sai dai a canza. Wannan bambanci yana da amfani a sani ko don ranar gaggawa, domin 'yar gudumar da ake ajiyewa don fasa gilashi a tsira tana aiki ne a kan gilashin ƙofa, ba za ta buɗe hanya a gilashin gaba ba, kuma wasu sababbin motoci ma yanzu har gilasan ƙofarsu masu falle uku ne.

Inda na fi son tsayawa shi ne batun tabon tsakuwa, domin a nan ne mai mota yake da zaɓi na gaske, kuma a nan ne jinkiri ke cin kuɗi. Idan tsakuwa ta tashi daga tayar babbar mota ta doki gilashi, yawanci fallen waje kaɗai take fasawa, robar da fallen ciki suna nan lafiya. Wani lokaci tabon yakan zama zagaye kamar ƙwayar ido, wani lokaci ya fitar da ƙafafu kamar tauraro, wani lokaci ya haɗa biyun. Baƙi-baƙin ko walƙiyar da ake gani a wurin iska ce da ta shiga tsakanin fasassun fuskokin gilashin. Haske yana ratsa iska da gilashi ta hanyoyi mabambanta, sai ya karye a kan iyakarsu, shi ya sa tabon ke bayyana. Gyaran kacokan ya ta'allaƙa ne a kan fitar da wannan iska da maye gurbinta da wani ruwan gam garau da ake kira rezin, wanda haske ke ratsa shi kusan yadda yake ratsa gilashi. An fara wannan sana'a a Amurka a farkon shekarun 1970. Kafin nan duk gilashin da ya samu tabo makomarsa canji ne ko haƙuri.

Mai gyara na ƙwarai yana farawa da share wurin da fitar da garin gilashin da ya maƙale a bakin ramin, sannan ya tabbatar babu danshi a ciki, domin rezin ba ya kama jiƙaƙƙen gilashi. Yana kafa wata 'yar na'ura mai ƙafa da ke manne wa gilashin, ya saita bakinta daidai kan ramin, ya zuba rezin, sannan ya riƙa sauyawa tsakanin zuƙo iska da tura rezin har ya ga ƙafafun tsagar suna cika ɗaya bayan ɗaya. Idan wata ƙafa ta ƙi cika yakan danna gefenta a hankali ta buɗe, ko ya ɗan ɗumama gilashin daga ciki, ko kuma ya huda ɗan ƙaramin rami a fallen waje ba tare da ya taɓa robar ba. Duk wannan a inuwa ake yi, saboda hasken rana yana daskarar da rezin tun kafin ya gama shiga. Sai bayan komai ya cika ne ake haska fitilar ultrabayolet, mai irin hasken rana da ke daskarar da rezin, ya sandare, a cike bakin ramin da wani rezin mai kauri, a kankare da reza har ya yi daidai da fuskar gilashin, a goge. Aikin ba ya cika wuce rabin awa ba, kuma mafi yawan wannan lokacin jira ne. Wanda ya yi gaggawar kunna fitila ya kulle iska a ciki har abada, domin rezin da ya sandare ba ya sake narkewa, kuma gyara a kan gyara ba kasafai yake yin kyau ba.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa tabon ba ya ɓacewa ƙurmus. Za a iya ganin ɗan ɗigo ko inuwa idan an ƙura ido. Manufar gyaran ita ce a dakatar da tsagar a maido da ƙarfin wurin, kyan gani kuma ƙari ne. Duk wanda ya yi maka alkawarin cewa ko kai ba za ka gane wurin ba, to ya faɗi abin da ba shi da iko a kai.

Dalilin da ya sa jira ke cutarwa yana cikin halin gilashi. Gilashi yana jure matsi ƙwarai amma ba ya jure ja, kuma duk ƙarfin da ke jan sa yana taruwa ne a tsinin tsagar. Mota kuwa ba ta daina murɗe gilashinta: duk ramin da ta faɗa, duk ƙofar da aka buga da ƙarfi, bodin yana ɗan lanƙwasa ya ja gilashin. Zafi da sanyi sun fi haka ɓarna. Motar da ta wuni a rana gilashinta ya yi zafi, sai a shiga a buɗe na'urar sanyaya ta hura kansa kai tsaye, ko a watsa masa ruwan sanyi wajen wanki, sai wani ɓangare ya tsuke wani bai tsuke ba, tabon da ya yi watanni a zaune ya ruga cikin daƙiƙa guda. A ƙasashe masu ƙanƙara akasin haka ne ke faruwa, inda ake zuba ruwan zafi a kan daskararren gilashi. Ga kuma ƙura da ruwan sabulu da ke shiga ramin kullum, waɗanda idan sun zauna ba sa fita, ko an gyara daga baya dattin yana nan a ciki ana ganinsa. Abu mafi sauƙi da mai mota zai yi da hannunsa shi ne ya liƙa farin salatif a kan tabon tun yana busasshe kafin ya kai wa mai gyara. Ɗiga gam mai saurin kamawa ko man farce a wurin kuwa toshe bakin ramin yake yi ya hana rezin shiga, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ba kowace ɓarna ce ke gyaruwa ba. Idan fasuwar ta kai fallen ciki, ko tsagar ta fara daga gefen gilashin inda nauyi ya fi taruwa, ko robar ta fara rabuwa da gilashin ta yi fari, canji ne mafita. Haka nan idan tabon yana daidai inda idon direba ke kallo, domin ɗan ɗigon da ya rage bayan gyara yana watsa hasken fitilun motocin da ke tahowa da dare. Gwajin lafiyar mota na shekara-shekara a Birtaniya ya ba da ma'auni mai amfani: a cikin wani yanki mai faɗin milimita 290 da ke saitin sitiyari, ɓarnar da ta wuce milimita 10 tana iya sa mota ta faɗi gwajin, a sauran inda waifa ke sharewa kuma iyakar milimita 40 ce. Ƙa'idar masu gyara a Amurka ta yarda a gyara tsaga har mai tsawon inci 14. Ni dai ina ganin gyaran doguwar tsaga aiki ne na ƙwararren da ya daɗe yana yi, kuma da zarar ta wuce tsawon tafin hannu ya kamata mutum ya fara shirin canji.

Babban dalilin da ya sa nake fifita gyara a duk inda zai yiwu ya wuce batun kuɗi. Gyara yana barin gam ɗin da aka manna a masana'anta yadda yake. A da ana zaunar da gilashi ne cikin zoben roba, amma motocin yanzu da gam ɗin yuretan ake manna shi kai tsaye a jikin ƙarfe, ta yadda ya zama ɓangare na ƙashin motar. Yana ƙara wa bodi tauri, yana taimaka wa rufi kada ya lotse idan mota ta wuntsila, kuma a motoci da yawa jakar iska ta fasinja tana fitowa ne ta sama ta doki gilashin, ta jingina da shi kafin ta tare mutum. Wannan yana faruwa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa da ƙarfi mai yawa. Idan gam bai kama ba, jakar za ta ture gilashin waje ta bi shi, fasinja ya rasa kariyar biyu a lokaci guda. Shi ya sa dokokin Amurka suka tanadi gwajin da ake buga mota da bango a gudun kilomita 48 a awa a duba ko gilashin ya zauna a mazauninsa. Baƙin fentin da ke kewaye da gilashi ma wannan gam ɗin yake karewa daga hasken rana da ke cinye shi, yana kuma ba shi fuska mai kaushi da zai kama, ɗige-ɗigen da ke bakinsa kuma suna sassauta bambancin zafi tsakanin baƙin wurin da farin gilashin.

Saboda haka idan canji ya zama dole, abin lura shi ne hannun mai aikin. Wajen yanke tsohon gam da waya ko wuƙa ana iya karce fenti, kuma duk karcen da ba a shafa wa share-fage, wato fentin farko mai hana tsatsa, ba zai yi tsatsa a ɓoye, tsatsar ta ɗaga gam, ruwa ya fara shiga bayan shekara ɗaya ko biyu ba tare da an danganta shi da ranar canjin ba. Ana barin siririn tsohon gam na milimita 1 zuwa 2, domin sabo ya fi kama shi fiye da ƙarfe. Ba a taɓa wurin mannawa da hannu ba safa, saboda maiƙon fata. Ba a amfani da silikon irin na tagogin gini, duk da cewa yana hana ruwa shiga kuma a ido babu bambanci. Yuretan da danshin iska yake bushewa, kuma kowane iri yana da lokacin da kamfaninsa ya ƙayyade kafin a tuƙa motar, daga rabin awa zuwa awanni da dama gwargwadon zafi da danshi. A ranar farko ana so a bar tagar ƙofa a ɗan buɗe kuma a guji buga ƙofa, don kada matsin iska ya huda ɗanyen gam.

A kusurwar ƙasa ta kowane gilashi akwai ɗan rubutu da ya cancanci a karanta. Harafin E cikin da'ira tare da lamba yana nuna an amince da gilashin bisa ƙa'ida ta 43 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, lambar kuma ƙasar da ta ba da amincewar take nunawa, wato 1 Jamus, 2 Faransa, 11 Birtaniya, ba ƙasar da aka ƙera shi ba kamar yadda wasu ke zato. DOT da lamba rajistar masana'antar ce a Amurka, AS1 kuma yana nufin gilashin ya cancanci zama a gaba. Masu ƙera motoci ba su ke yin gilashinsu ba. Kamfanoni irin su AGC da Saint-Gobain da Pilkington da Fuyao ne ke yi musu, don haka rashin tambarin motar a jikin gilashi shi kaɗai ba ya nuna rashin inganci. Gilashin da babu kowace alama a jikinsa ne abin gudu.

Abin da ya sauya lissafin a 'yan shekarun nan shi ne kayan lantarkin da aka ɗora wa gilashin. Akwai na'urar da ke gane ruwan sama, wadda ke harba hasken da ido ba ya gani cikin gilashin ta auna wanda ya dawo, idan ɗigon ruwa ya rage shi sai ta tayar da waifa. Akwai robar tsakiya ta musamman mai rage ƙarar iska, da siraran wayoyi masu ɗumama gilashi, da shafen ƙarfe mai mayar da zafin rana. Motocin da ke haska gudun mota a jikin gilashi, abin da kamfanin General Motors ya fara sayarwa a 1988, suna buƙatar robar da ta fi kauri a sama fiye da ƙasa, in ba haka ba lambobin biyu-biyu za a riƙa gani. Mota ɗaya ta shekara ɗaya tana iya samun gilashi iri-iri, kuma wanda ya shiga firam ba lallai ne shi ne nata ba.

Mafi muhimmanci a cikinsu ita ce kyamarar da ke bayan madubin tsakiya, wadda ke karanta layin hanya, ta gane mota ko mutum a gaba, ta taka birki da kanta idan direba ya makara. Tun daga Yulin 2024 Tarayyar Turai ta wajabta irin wannan birki a duk sabuwar motar da za a sayar, kuma motocin da ake yi yau su ne tsofaffin da za a riƙa saya a ko'ina nan da wasu shekaru. Kyamarar ta cikin gilashi take kallo kuma a jikinsa take manne, saboda haka da an canza shi saitinta ya motsa. Karkacewar digiri 1 kacal tana zama kusan mita 1.75 a nisan mita 100, wato rabin faɗin layin hanya, wanda ya isa ya sa na'urar ta ɗauki motar da ke layin gefe a matsayin wadda ke gabanta, ko ta ƙi ganin ta gaban. Ana sake saitin ne ta hanyar kafa alluna masu zane a nisan da aka auna a kan shimfiɗaɗɗen daɓe, ko a tuƙa motar a hanya mai layi da kwamfuta a jone, wasu motocin kuma sai an yi duka biyun. Sau da yawa kyamarar da ta karkace ba ta kunna wata fitilar gargaɗi, tana ci gaba da aiki ne da kuskurenta. Don haka idan motarka tana da kyamara, ka tambayi wanda zai yi saitin tun kafin a yanke tsohon gam, ka kuma karɓi takardar da kwamfutar ta fitar bayan an gama. Wanda ya ce maka babu buƙata tunda fitila ba ta kama ba, ka ɗauki motarka ka kai wani wuri.